Awon Ƙofa

Ni mai walda ne a bakin kwaltar Talaje,
shekara ashirin da uku ina haɗa ƙarfe da ƙarfe.
Sa'ad da na zo Yamai, nan gonar gero ce,
asabari ke tsare ɗaki, kare ma barcinsa yake yi.
Yau duk inda na waiga bulo ne a kan bulo,
maƙwabcin jiya ban san garinsu ba,
na gobe yana kan hanya da katifa a ka.

Ran Litinin Tankari ya zo, ƙyallen jam'iyya a wuya.
Ya ce, tun da waɗannan suka karɓi gari
babur ba ya kwana a tsakar gida.
A kama, a ɗaure, a ƙaro sanduna, shi ne magani.
Yi mini ƙofa, kwano mai kauri,
sakata biyu ciki, kwaɗo ɗaya waje,
ka jera mata tsini a sama, mai yaga wando.
Na auna, na rubuta a bango da gawayi.

Ran Laraba sai ga Saini,
wanda ba ya amsa sallamar Tankari
tun gardamar rumfar zaɓe.
Ya ce, waɗancan ne suka haifa mana wannan,
sun ci, sun goge baki,
sun bar samari a fada suna dafa shayi har asuba.
A ba su aiki, ka ga an yi barci.
Amma kafin nan, yi mini ƙofa, kwano mai kauri,
sakata biyu ciki...
Na dubi bango. Awon Tankari na nan.
Ban ƙara ko layi ɗaya ba.

Ƙarfen nan daga Katako na ɗauko shi, kura guda,
shi bai san wa ya ci zaɓe ba.
Ni ma, in faɗi gaskiya tsakanina da Allah,
tsoron garin nan shi ne tuwon gidana.
In an fasa shago a Banifandu
da safe wayata ba ta hutawa.
Da shi na yi wa ɗiyata kayan ɗaki,
da shi na rufe bakin mai haya.

Sai daren Jumma'a, an ɗauke wuta,
zafi ya hana kowa runtsawa.
Muka ji muryar Arzika mai shayi daga kan kwana:
Jama'a! Jama'a! Ku taimaka!
Sau huɗu ya kira. Na ƙirga.
Layinmu gida goma sha ɗaya ne,
tara a ciki ƙofar hannuna ce.
Ban ji kukan sakata ko ɗaya ba.
Aiki na yi mai kyau.
Nima ina tsaye bayan tawa,
guduma a hannu, ina jin numfashin kaina.

Da gari ya waye muka taru a kan teburinsa,
gwangwanin madara a ƙasa, ƙwai a fashe,
jikka bakwai ta tafi, da rediyo,
da ɗinki shida a goshi.
Tankari ya ce, kun gani ko? Mulkinsu ke nan.
Saini ya ce, shukarku ce ta nuna.
Arzika bai tanka ba,
yana tsince kofunan da suka tsira.

Bayan la'asar ya zo rumfata, rawanin bandeji a ka.
Ya ce, maigida, nawa ne akwatin ƙarfe,
wanda mutum zai shiga ciki ya sayar da shayi,
da ƴar taga daidai miƙa kofi?
Na nemi abin faɗi, ban samu ba.
Na ɗauko gawayi.
Na ce, miƙe tsaye in auna ka.